Yadda ake ɗinka bargon haɗin ƙyalle don yi wa ƙawaye kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano nake, ina da keken ɗinki na gida, kuma na iya miƙaƙƙen ɗinki. Ina so in haɗa ragowar atamfofi in ɗinka wa ƙawayena biyu bargon haɗin ƙyalle kafin sanyi ya shigo. Yadi nawa zan tanada, me ake sawa a cikinsa, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tunda kin iya miƙaƙƙen ɗinki, to kin iya duk ɗinkin da aikin nan yake buƙata. Inda ake samun matsala ba a kan keke ba ne, wajen wanki ne da awo da yanka da guga. In waɗannan huɗun suka tafi daidai, haɗin zai zauna da kansa. In kuwa aka yi musu gaggawa, babu ƙwarewar da za ta gyara su daga baya.

Bargon nan hawa uku ne: fuska, wato ƙyallayen da aka haɗa, sai abin da ake sawa a tsakiya don ɗumi, sai shafi na baya. Daga ƙarshe a kama bakinsa. Ga wadda za ta fara, shawarata ita ce ki tsaya a kan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, tsawo da faɗi ɗaya, duk girmansu guda. Ki bar masu kusurwa uku sai nan gaba, domin yankansu yana bi ta karkace, kuma yadi yana miƙewa ta nan.

Ga lissafin bargon mutum ɗaya, wanda za a lulluɓa da shi a kan kujera ko a gado. Ki yanka kowane gida, wato kowane ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci 6 da rabi tsawo da faɗi. Ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe, gidan ya koma inci 6 cif. Gida 9 a faɗi, gida 12 a tsawo, jimla gida 108, bargon ya tashi inci 54 a faɗi, 72 a tsawo. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, in an cire gefunan nan masu rubutu za a samu gida 6 a jere ɗaya, kuma yadi guda yana ba da jere 5, wato gida 30. Kenan yadi 4 ya ishi fuskar har da ɗan rara. In kala shida za ki haɗa, kowace kala gida 18, wato inci 20 na atamfa, ki ce dai kashi biyu cikin uku na yadi don kada ki takura. Na ƙawaye biyu sai ki ninka komai.

A Kantin Kwari galibi turmi-turmi ake sayar da atamfa, yadi shida, saboda haka sayen sababbi har kala shida don wannan aikin ɓarna ce. Ki fara da abin da yake gida, sannan ki tambayi telanki ragowar ƙyallaye, manyan ciki, ba 'yan firit ba. Abin da ya fi dacewa da kyautar ƙawaye kuwa shi ne ragowar ankon bukukuwan da kuka yi tare. Kowace ta kawo nata ragowar, ko ki karɓa a hankali ba tare da kin faɗi dalili ba. Wadda aka ba irin wannan bargo za ta gane atamfar kamun wance da ta sunan wance, kuma wannan ya fi kowace sabuwar atamfa daraja a wurinta. Sai dai atamfa tana da hayaniyar zane. In kika jera kala shida masu manyan furanni kusa da juna, ido ba zai samu wurin hutawa ba. Gyaran wannan shi ne ki sa rabin gidajen su zama yadi maras zane, kala ɗaya, kamar ruwan madara ko shuɗi mai duhu ko ruwan toka, ki riƙa sa shi tsakanin atamfa da atamfa. Gida 54 na maras zane yadi 2 ne, kuma irinsa ana yanka shi yadi-yadi a kasuwa.

Duk ƙyallayen su zama auduga, kuma kaurinsu ya yi kusa da juna. Kada ki sa leshi, ko yadi mai santsi, ko mai miƙewa kamar roba, ko mayafi shara-shara. Dalili kuwa, kowanne da yadda yake jan jiki a wanki, kuma siririn yadi da aka ɗinka jikin mai kauri shi ne zai fara yagewa a bakin ɗinki. Akwai atamfofi da yawa yanzu da roba ce zalla. In kina shakka, ki yanki ɗan ƙyalle ki kunna masa ashana a waje, kusa da ruwa. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da take murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Shadda ta auduga tana shiga, amma sai an wanke sitatin da ke jikinta tas.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke duk yadin, har da na shafi. Sabuwar auduga tana shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato a tsawon inci 72 za a iya rasa inci 2 zuwa 3 da ɗoriya. In kika haɗa tsohuwar atamfa da ta gama shiga da sabuwa da ba a wanke ba, wankin farko zai sa sabbin gidajen su takure, tsofaffin su tattare, bargon ya ƙi kwanciya. Abu na biyu shi ne zuba. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba, haka ma rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata, wanda yana da kyau ƙwarai a irin wannan bargo amma yana buƙatar ɗauraya da yawa. Ki jiƙa kowace kala ita kaɗai a farin bokiti, ki yi ta sauya ruwa har ya fito garau, sannan ki goga farin ƙyalle a jikinta tana da danshi. In har yanzu ƙyallen yana ɗaukar launi bayan wanki uku ko huɗu, ki cire wannan yadin daga aikin gaba ɗaya, duk son da kike masa. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin masana'anta, kada ki dogara da shi. Ƙananan ƙyallaye da hannu ake wanke su, don injin wanki yana zazzare bakinsu. Takardar tambari da ke manne a sabuwar atamfa kuma, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi a bayanta kafin wanki, za ta ɗago ba tare da ta bar danƙo ba.

In sun bushe ki goge su sumul. Ɗan sitati kaɗan yana taimakawa, yana sa yadin ya tsaya a ƙarƙashin almakashi.

Wajen yanka, ki samu kwali mai ƙarfi ki yanka ma'auni na inci 6 da rabi. Ki auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon biyu bai zo ɗaya ba to ya karkace, ki sake wani. Ki yi guda biyu ko uku tun farko, domin bakin kwali yana cinyewa, bayan gida arba'in sai ki ga ya ragu ba ki sani ba. Ki zana a bayan yadi da fensir mai tsini, ba da alli mai kauri ba, don faɗin layin alli kaɗai ya isa ya ɓata awo. Gefen ma'aunin kuma ya bi zaren yadin, a tsaye ko a kwance. Wannan yana da muhimmanci a ragowar tela, saboda yawanci yankan hannu ne ko na wuya, a lanƙwashe suke, kuma mutum yakan so ya juya ma'auni yadda zai samu gida ɗaya ƙari. Gidan da aka yanka a karkace zai miƙe a keke ya fi 'yan'uwansa tsawo. Kada ki ninka yadi fiye da biyu in da almakashi kike yanka.

Da kin gama, ki share tsakar ɗaki ki jera gidajen duka 108 yadda kike so su fito. Ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari, nan take za ki ga inda masu duhu suka taru wuri ɗaya, sai ki rarraba su. In kin gamsu, ki tattara kowane jere daga hagu zuwa dama, ki maƙala 'yar takarda mai lamba, 1 zuwa 12, a gidan farko na kowanne.

Yanzu sai keke. Allura lamba 14, zare mai kyau ruwan toka ko ruwan ƙasa, don yana ɓacewa a cikin kowace kala, taku kuma kamar 10 zuwa 12 a inci guda. Teloli sun saba barin rabin inci a baki, amma a nan kwata ake bari, domin ɗinkunan suna da yawa, rabin inci zai tara kauri a mahaɗa. Ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki manna salatef mai kauri a kan farantin keken, bakin yadi ya riƙa bin gefensa. Kada ki yi da ido. Jere ɗaya ɗinki 8 ne a cikinsa, in kowanne ya kauce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ƙarshen jeren zai bambanta da na kusa da shi da inci biyu cur, don kowane ɗinki gefen gida biyu yake ci, kuma shi ke sa mahaɗai su ƙi haɗuwa. Ki gwada da gida uku tukuna: in kin haɗa su kin goge, na tsakiya ya auna inci 6 daidai. In bai kai ba ko ya wuce, ki gyara salatef ɗin kafin ki ci gaba.

Ki haɗa gida da gida fuska da fuska har jere ya cika. Sai guga, kuma a nan ne sirrin mahaɗa mai kyau yake. Jere na 1 ki kwantar da duk bakunan ɗinkinsa zuwa dama, na 2 zuwa hagu, na 3 dama, haka har ƙarshe. In kika zo haɗa jere da jere, bakunan za su sarƙe da juna, ɗaya ya kalli nan ɗaya ya kalli can, har za ki ji da yatsa sun zauna. Ki soka fil a kowace mahaɗa kafin ki ɗinka. Dutsen guga kuma danna shi ake yi a ɗaga, ba a ja shi gaba da baya, don jan yana miƙar da yadi. In na gawayi ne, ki kula da tartsatsi da toka, ki shimfiɗa farin ƙyalle a kan masu hasken launi. Ki haɗa jere biyu-biyu, sannan huɗu-huɗu, ya fi sauƙin riƙewa a kan ki yi ta ƙara ɗaya a jikin babba. In wani gida ya ɗan fi abokinsa tsawo, ki sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke za su cinye rarar. Fuska ta kammala, ki zagaye bakinta da ɗinki ɗaya kusa da gefe don kada ɗinkunan ƙarshe su warware.

Abin da za a sa a tsakiya, ki yi la'akari da garinmu. Sanyin Kano na gaske daga Disamba ne zuwa wajen Fabrairu, daga Maris kuwa zafi ne mai kai maki 40. Bargo mai kauri sosai wata biyu zai yi aiki, sauran shekara yana cikin akwati. Mai sauƙin nauyi shi za a yi ta amfani da shi, da damina da asuba, da ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki. Saboda haka na fi son siririn bargo mai laushi ko zanen gado na auduga mai ɗan kauri, kuma ana samun irinsu a gwanjon Ƙofar Wambai, a wanke su da kyau kafin a sa. In kina son ya ɗan kumbura, ki nemi faiba ta shimfiɗa, mafi siranta, wajen masu ɗinkin zannuwan gado. Soso kada ki kusance shi: yana riƙe zafi, ba ya bushewa da wuri, kuma yana marmashewa a ciki bayan ɗan lokaci. Audugar katifa ko ta rimi ma ba ta yi ba, wanki ɗaya za ta dunƙule ta gangara gefe guda. Girman na tsakiya inci 60 da 78.

Shafi ya fi fuska girma da inci 4 a kowane gefe, wato inci 62 da 80, domin hawa ukun suna motsi wajen ɗinki. In da atamfa za ki yi, ki yanka falle biyu masu tsawon inci 62, ki cire gefunan masu rubutu, ki haɗa su gefe da gefe, yadi 3 da rabi kenan. In kin samu yadin auduga mai faɗin inci 60 irin na maza, yadi 2 da rabi ya isa ba tare da haɗi ba, rarar gefe za ta zama inci 3, kuma ta wadatar. Zanen gado na auduga ma yana yi.

Haɗa hawa ukun yana son ƙasa mai tayil ko siminti mai santsi. Ki shimfiɗa shafi fuskarsa tana kallon ƙasa, ki manne gefunansa da salatef, ya miƙe amma kada ki ja shi da ƙarfi, don in kin sake shi zai koma ya tattare fuskar. Ki ɗora na tsakiya, ki ɗora fuska tana kallon sama, ki lallashe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Sai ki kama su da fil mai makulli, daga tsakiya ki yi waje, tazarar faɗin tafin hannu, ki tanadi kamar 150. In babu fil da yawa, ki yi manyan taku da allurar hannu da farin zare, layi-layi, daga baya ki zare. Yawancin tattarewar da ake gani a bayan bargo daga ƙarancin fil take.

Hanya biyu ce ta kama hawa ukun dindindin. Mai sauƙi, kuma ita nake ba mai farawa shawara in da faiba a ciki, ita ce ɗauri. Ki sa zaren saka mai ƙarfi a babbar allura, ki soka daga sama a kowace mahaɗar gida huɗu, ki fito kusa da inda kika shiga, ki sake zagayawa sau ɗaya, ki ƙulla ƙulli biyu masu ƙarfi, ki yanke ki bar jela kamar rabin inci. In faiba ce ki ƙara ɗauri ɗaya a tsakiyar kowane gida, don tazarar inci 6 ta yi mata yawa. Hanya ta biyu ɗinkin keke ne, kuma ya fi ƙarko. Ki sauya allura zuwa lamba 16, ki tsawaita taku zuwa kamar 8 a inci, ki sassauta dannawar ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a wurin allura. A keke irin Butterfly ko tsohuwar Singer, abin murɗawar yana saman kan keken, daidai saitin ƙafar. Dalilin sassautawar shi ne haƙora suna jan na ƙasa, ƙafa kuma tana tura na sama, in dannawar ta yi yawa sai fuska ta riƙa taruwa a gaban allura har ta ninke. Ki ɗinka layi miƙaƙƙe kwatan inci daga gefen kowane ɗinki, ki fara da layin tsakiya, ki naɗe rabin bargon ya shige ta hannun keke. Ki sa tebur ko kujera ta ɗauki nauyin sauran, in yana lilo a ƙasa zai ja allura ta karkace ko ta karye. Ki tafi a hankali, hannu biyu a shimfiɗe gefe da gefen allura, kina cire fil kafin ki iso shi.

Saura baki. Ki daidaita gefuna da almakashi, hawa ukun su zo ɗaya. Zagayen bargon inci 252 ne, ki ƙara 12 na kusurwoyi da haɗi. Ki yanka tsiri 7 masu faɗin inci 2 da rabi daga gefe zuwa gefen yadi, rabin yadi da ɗan ƙari kenan, ki haɗa su su zama dogon tsiri ɗaya, ki ninka shi biyu a tsawonsa ki goge. Ki ɗora shi a fuskar bargo, ɗanyen bakinsa yana daidai da bakin bargon, ki fara daga tsakiyar gefe, ba daga kusurwa ba, ki lanƙwasa farkonsa ciki rabin inci ki bar kamar inci 6 ba ɗinki. In kin kusa kusurwa ki tsaya saura kwatan inci, ki koma baya taku biyu, ki fitar da aikin. Ki ɗaga tsirin sama ya yi karkatacciyar ninka, ki sake sauko da shi ya bi gefe na gaba, ki ci gaba daga bakin. In kin zagayo, ki cusa ƙarshen cikin farkon da kika bari, ki rufe. Sai ki juya tsirin zuwa baya ki kama shi da ƙananan taku na hannu. Akwai gajeriyar hanya, wato a bar shafi ya wuce da inci 1 a kalmaso shi gaba sau biyu a ɗinke, amma hawa ɗaya ne, kuma baki shi ne wurin da bargo yake fara cinyewa.

In ɗaya daga cikin ƙawayen haihuwa ta yi, ƙarami ya fi: gida 6 da 7, jimla 42, ya tashi inci 36 da 42, kuma faɗin atamfa ɗaya ya ishi shafinsa. Wannan da keke za ki kama shi, ba ɗauri, ba maɓalli, ba duwatsun ado, don jariri yana cirewa ya kai baki. Ki gaya wa uwar na shimfiɗa ne da kwantar da shi a farke, kada a lulluɓe jaririn da bai shekara ba da shi yana barci.

Tunda biyu za ki yi, ki wanke ki yanka na duka a lokaci ɗaya, amma ki gama ɗaya tukuna har baki kafin ki haɗa na biyu, hannunki zai fi faɗawa a kansa. Ki ba kanki sati biyu zuwa uku a kowanne in da yamma kaɗai kike zama, saboda haka a fara tun Oktoba. A kusurwar baya ki ɗinka ɗan farin ƙyalle mai sunan ƙawar da shekarar, da zare ko wajen masu aikin suna da inji. Suna da shekara sun isa, kada a rubuta aya ko sunan Allah a abin da za a zauna a kai, a taka, a kuma wanke tare da sauran kaya.

Kafin ki ba da shi ki wanke shi sau ɗaya da ruwan sanyi da sabulu maras ƙarfi, don ki ga ko akwai ɗinkin da ya buɗe ko launin da ya zuba tun yana hannunki. Kada a murɗe shi, a matse ruwan da dannawa, a shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkunan, bayansa yana sama saboda rana da ƙurar hunturu. Ki rubuta wannan bayanin wankin a 'yar takarda ki sa a cikin ƙunshin, tare da ragowar gida biyu ko uku na ƙyallen, ko da wata rana za a buƙaci faci.